Mai Askin da Ba Ya Tambaya

Yayana mai aski ne, ni ma mai aski ne, kuma shago ɗaya muke tun ina saurayi har yau da furfura ta cika mini gemu. Kujera biyu ce a shagon. Ta bakin ƙofa, inda iska take shigowa kuma haske ya fi kyau, tasa ce. Ta ciki, kusa da famfon wanke kai, inda ruwa yake fantsamo wa mutum a ƙafa, ita ce tawa. Ba a taɓa zama an yi rabo ba. Ya riga ni zuwa duniya, ya riga ni riƙe almakashi, shi ke nan magana ta ƙare. Har yanzu Auta yake kirana, ko a gaban samarin da na haifi kamarsu.

Dogon madubi ɗaya ne ya ratsa bangon daga kujerarsa zuwa tawa. Mai aski ba ya waiwayawa ya kalli abokin aikinsa, don hannunsa yana kan mutum. Ta madubi muke hira, ta madubi muke harara, kuma yawancin faɗan da muka yi a rayuwa ta nan muka yi shi. Na fi sanin fuskar Yaya a madubi fiye da yadda na san ta a fili.

A unguwa ba a kiransa da sunansa, Ba Tambaya ake ce masa. Dalili kuwa, in ya taɓa yi maka aski sau ɗaya, ya haddace ka. Ko bayan shekara ka dawo, zama kawai za ka yi, ya yafa maka ƙyalle ya kunna inji. Ya san wanda yake so a rage gefe a bar sama, ya san inda sajen kowa yake tsayawa, ya san mai ƙurji a ƙeya da ba a kai masa reza wurin, da wanda sanƙo ya fara ci yake so a rufa masa asiri. In baƙo ya buɗe baki zai yi bayani, sai Yaya ya dafa masa kai ya ce, "Bawan Allah, kanka ya riga ka magana." Ni da nake tambayar kowa yadda yake so, a wurinsa har gobe ɗan koyo ne. Cewa yake mai askin da yake tambaya bai kalli kan ba.

Gaskiya dai gwani ne, kuma wannan ma yana cikin abin da yake ba ni haushi. Da taurin kan nan nasa ya zo tare da rashin iyawa, da na samu bakin magana. Amma in ya riƙe reza sai ka tsaya kallo. Akwai wani tsohon shugaban makaranta da ya yi ritaya, muna ce masa Hedimasta, wanda tun gashinsa yana baƙi Yaya yake masa gyaran fuska kowane mako. In ya zo ba ya cewa komai bayan gaisuwa. Zai zauna, ya jingina kai, ya rufe ido, ya miƙa maƙogwaro. Da likitoci suka ɗora shi a kan wani magani mai tsinka jini, ya gaya mana cewa ko ɗan yanka ya samu jinin ba ya saurin tsayawa, an ce ya daina reza. Ya ce shi kuma ya gaya musu ba su san hannun Ba Tambaya ba.

Abu na biyu da Yaya yake tinƙaho da shi barcinsa ne. Munsharinsa sananne ne a gidanmu tun yana saurayi, da ya yi ƙiba wuya ya cika kuwa sai abin ya zama har na maƙwabta. Mu duka mun ɗauka alamar lafiya ce. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce sai wanda ya yi aikin gaskiya yake irin wannan barcin. In an ji ya fara, sai a rage rediyo, a kori yara waje, a ce maigida ya samu barci. Matarsa, wadda nake kira Anti, ta yi haƙuri shekara da shekaru, daga baya da yara suka watse ta kwashe shimfiɗarta ta koma ɗakinsu. Tun daga nan babu wanda yake ganin yadda yake kwana. Ta bango ake jin sa, kowa yana cewa ai Yaya kam ya more.

Abin a hankali ya faro. Wata safiya ina gyara wa wani direba gemu, na ɗaga ido na hango Yaya a madubi. Inji yana kuka a hannunsa, amma a iska yake, bai taɓa kan mutumin ba. Idonsa a buɗe yana kallon ƙeya, sai dai kallon babu kowa a cikinsa. Kafin in yi magana ya ɗan zabura, ya ci gaba da aski kamar ba a yi komai ba. Na ce a raina ko tunani ne, wa ya rasa abin tunani? Amma washegari na sake gani, jibi ma haka. Na fara aski da ido ɗaya a kan nawa, ɗaya a kansa.

Sai kuma mantuwa ta biyo baya. Wani ma'aikacin banki, mai ji da sumarsa, ya zo a rage masa gefe kamar kullum. Ya zauna yana latsa waya, bai ɗago ba sai da ya ji iska a tsakiyar kansa. Yaya ya bi ta tsakiya da inji ya buɗe masa hanya tun daga goshi.

"Baba! Me ka yi mini haka?"

"Abin da nake maka kullum."

"Ni? Yaushe na taɓa yin ƙwalƙwal?"

"To yau ka fara, kuma ya fi maka kyau."

Askin wani mahauci ne ya yi masa, mai irin ƙirar kansa. Na sani, Yaya ma ya sani daga baya, don na ga kunnensa yana rawa. Amma ya ba da haƙuri? Allah ya kiyaye. Mutumin bai sake dawowa ba, kuma ba shi kaɗai ba ne. Na ce masa, "Yaya, mene ne a ciki in ka tambayi mutum? Kalma nawa ce?" Ya kalle ni ta madubi ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ina da jikoki, amma ni ne yaron.

Da na ga ba zai tambaya ba, sai na koma yi masa tambayar. Mutum yana shigowa zan ɗaga murya daga kujerata, "A'a, Malam, kai ne? Har yanzu dai ana barin saman nan, a rage gefe?" Mutumin ya ce e, ko ya gyara mini. Yaya ya yi kamar bai ji ba, sannan ya yi daidai abin da aka faɗa. Wani lokaci har ya juyo ya ce, "Auta, wa ya tambaye ka? Ka cika surutu kamar rediyo." Haka na zama ɗan sanarwa a shagon, ina rufa masa asiri yana zagina.

Halinsa ma ya canza. Da ma ba mai sanyi ba ne, amma yanzu abu kaɗan sai ya hau. Ya ajiye almakashi a aljihunsa ya ce ni na ɗauka. Ya kori wani don ya yi atishawa. Shayi mai kauri kuwa yake ta ɗirka daga safe har yamma, kofi yana bin kofi, duk da haka in babu kowa a kujera zai tsaya jikin ƙofa yana kallon titi da wannan idon da babu kowa a ciki. Maƙwabcinmu mai gyaran waya ya ce tsufa ne. Anti ta ce ko akwai abin da yake ɓoye mata. Babu wanda ya kawo maganar barci, don ta yaya za ka zargi barcin mutumin da layi guda yake shaidar barcinsa?

Babur ne ya kai shi asibiti. Ya ɗauko Anti daga kasuwa, suka tsaya a mahaɗa, fitila ta ba su hannu, motoci suna ta oda a baya, shi kuwa yana zaune riƙe da kan babur yana kallon gabansa. Sai da ta doke shi a kafaɗa. Ta sauka a nan ta tako da ƙafa har shago, da kayan cefanenta a hannu, ta ce mini, "Ka gaya wa yayanka, ko ya ga likita ko in tafi gidan 'yata. Ban shirya mutuwa a kan kwalta ba." An ce wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana juya kawunan mutane yadda ya ga dama, sai da muka yi kamar za mu ɗaure shi kafin ya yarda a duba nasa.

Likitan ya saurare mu, ya ce akwai nau'in farfaɗiya da ba ta kayar da mutum, ɗauke shi kawai take yi na ɗan lokaci, don haka yana so a gwada ƙwaƙwalwar a gani ko ita ce. Kalmar farfaɗiya ta tsorata Yaya, abin da ban taɓa gani ba. Aka ba mu rana, aka ce ya wanke kai sosai, kada ya shafa komai. Sau uku aka faɗa, ni ma na maimaita masa a hanya.

Ranar gwajin na je ɗaukarsa, ya fito kansa yana sheƙi kamar an soya shi. Ya sha mai, ya sha hoda a ƙeya, har da turare.

"Yaya, ba an ce kada ka shafa mai ba?"

"Ɗan kaɗan ne."

"Kaɗan? Ƙuda ma zamewa zai yi!"

"Ni mai aski ne, Auta. In shiga cikin mutane da kai a bushe, kamar wanda aka koro daga gida? Gobe wa zai zauna mini a kujera?"

Ma'aikaciyar ɗakin gwajin, wata yarinya mai haƙuri, ta shafa kansa da yatsa ta duba yatsan. Ta ce, "Baba, wayoyin ba za su kama ba, sai an wanke." Haka na tsinci kaina a banɗakin asibiti, na duƙar da yayana a kan famfo ina cuɗa masa kai da sabulun wanke hannu. Ko a nan bai bar ni ba. Ruwa yana shiga masa kunne yana cewa ban iya wanke kai ba, daga ƙeya ake farawa. Na so in danna kan nan cikin ruwa in huta, na tuna mahaifiyarmu na fasa.

Ma'aikaciyar ta auna kansa da tef, ta yi ɗige-ɗige da fensir, ta fara manna ƙananan wayoyi da wani farin abu mai danƙo. Ya ce mata tsagar da take yi a karkace take. Ta ce ta gode. Ya ce, "Wuta za ku sa mini?" Ta ce, "A'a Baba, ƙwaƙwalwa tana da 'yar wutarta da take aiki da ita. Saurarenta kawai za mu yi." Ta kwantar da shi a wata doguwar kujera, ta ce duk sanda ya ji ƙara ya ɗaga yatsa. Ni aka bar ni a gefe, inda nake ganin sa kuma nake ganin allon na'urar.

Layuka ne jere a allon, kowane yana rawa ƙanana-ƙanana da sauri. Ƙara ta yi, ya ɗaga yatsa. Ta sake yi, ya ɗaga, har da kallona wai in ga iyawa. Can sai na ga layukan sun fara saki, rawar ta ragu, suna hawa da sauka a hankali. Ƙara ta yi, yatsa bai motsa ba. Na dubi fuskarsa, ga wannan kallon da na sani a madubi.

"Baba?" in ji yarinyar.

"Ina ji!" Layukan suka koma rawarsu.

"Barci ya ɗan ɗauke ka?"

"Ni? Ban taɓa barcin rana ba tun da aka haife ni."

Bai daɗe da rufe baki ba ido ya rufe, munshari ya tashi. Har na fara dariya, na ce mata ga shi nan, abin da muke fama da shi ke nan. Sai munsharin ya yanke. Na ɗauka ya farka ne, amma idonsa a rufe. Ƙirjinsa yana ɗagawa yana ja, cikinsa yana kokawa, iska kuwa ba ta shiga. Shirun ya yi tsawo har na miƙe tsaye. Sannan ya yi wata irin shaƙa kamar wanda aka tsamo daga ruwa, ya motsa, munshari ya dawo. Jim kaɗan ya sake yankewa. Tsoro ya kama ni sosai. Wannan shirun na sha jin sa ta bango in na kwana gidansu, kuma abin da nake cewa a raina shi ne, alhamdu lillahi, ya ba mu hutu.

Likita ya ce ba farfaɗiya ba ce. Ya ba mu wata 'yar na'ura Yaya ya kwana da ita a gida, da muka mayar ya duba ya zaunar da mu. Ya ce idan mutum yana farke, wutar ƙwaƙwalwarsa tana kaɗawa ne ƙanana da sauri. In ya yi barci mai nauyi sai ta koma manya-manya masu tafiyar hawainiya, kuma masu bincike suna ganin a lokacin ne ƙwaƙwalwa take adana abin da ta gani da rana, shi ya sa wanda bai samu irin wannan barcin ba yake yawan mantuwa. Ya ce maƙogwaron Yaya yana toshewa in ya kwanta, da zarar ya doshi barci mai nauyi sai numfashi ya yanke, jiki ya fizgo shi sama, haka har gari ya waye, shi bai sani ba.

"To in ƙwaƙwalwa ba ta samu da dare ba," in ji likitan, "sai ta riƙa sata da rana. Ba lallai duka ta kwanta ba. Kamar a ɗauke wuta a layi ɗaya ne, sauran unguwa da haske. Idonka biyu, kana tsaye, amma wani sashe ya tafi. Nan ne hankali yake yankewa, nan ne rai yake saurin ɓaci."

Yaya ya ce, "Likita, ni fa duk unguwa an san barcina."

"Munsharinka aka sani, Baba."

Likitan ya ce akwai magani. Wata na'ura ce mai abin rufe hanci da madauri, tana tura iska a hankali don kada maƙogwaron ya toshe. Ya ce kuma a rage ƙiba, a riƙa kwanciya ta gefe. Sannan ya ce kafin abin ya daidaita, babu tuƙa babur, babu riƙe reza a wuyan mutum. 'Ya'yan Yaya suka haɗu suka kawo na'urar. Yaya ya buɗe kwalin, ya ɗaga abin rufe hancin da yatsa biyu ya ce, "Yanzu inji ne zai koya mini numfashi? Tun kafin a haifi likitan nan nake numfashi." Ya mayar ya rufe, ya ɗora a kan kabad. Babur dai ya bari, don Anti ta ɓoye makullin. Reza kuwa, ya ce duk wanda ya isa ya zo ya karɓa.

Na yi magana har na gaji. Na yi lallashi, na yi faɗa, na aiko masa da abokansa, ya yi kunnen uwar shegu da mu duka. Girman kai rawanin tsiya, na gaya masa haka a gaban mai gyaran waya, ya ce in na gaji da shagon ƙofa a buɗe take. Kullum in ya ɗauki reza sai idona ya koma madubi. Na yanki wani yaro a kunne saboda kallon madubi, ni da ban taɓa yankan kowa ba, Yaya kuwa ya samu abin faɗa har mako guda.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, shago cike. Hedimasta ya zo, ya zauna, ya rufe ido kamar yadda ya saba. Yaya ya shafa masa kumfa, ya sa sabuwar reza, ya gama kumatu lafiya. Ya ɗaga masa haɓa ya sauko maƙogwaro. Ina riƙe da inji a kan wani tela, idona a madubi. Na ga hannun ya tsaya. Na ga kallon ya zo. Rezar tana kwance a kan fata, daidai inda jijiya take bugawa, kuma hannun ya fara saki yana nutsewa da nauyinsa.

Ban san sanda na jefar da inji ba. Na tsallaka na cafke wuyan hannunsa na ɗaga sama. Ya zabura, ya dube ni a fili, ba ta madubi ba.

"Sake ni."

"Ba zan saka ba."

"Auta, ni kake riƙe wa hannu? A gaban mutane?"

"Kai nake riƙewa. Ba ka nan, Yaya. Ka tafi ka bar reza a wuyan mutum."

Injina yana ta kuka a ƙasa. Hedimasta ya buɗe ido, ya kai yatsa wuyansa, ya duba. Kumfa ce kawai, da wani ɗan jan layi da bai fashe ba. Yaya ma ya ga layin. Na ji hannun ya mutu a cikin nawa. Ya ajiye rezar a kan tebur, ya cire rigar aiki ya rataye, ya fita. Ni na ƙarasa wa Hedimasta, ina jin haushin Yaya ina kuma jin kamar in bi shi a guje.

Ya daina zuwa shago. Na je gidan, ya ce a ce ba ya nan, ina jin tarinsa daga ɗaki. Kujerar bakin ƙofa ta zauna babu kowa. Tun ina saurayi nake kwaɗayin kujerar nan, ga ta an bar mini, na kasa zama a kanta. Masu zuwa suna tambaya ina Ba Tambaya, ina cewa yana hutawa. Wata rana Anti ta biyo ta shago, na ce yaya mutumin naki? Ta ce, "Ni dai ban sani ba. Gidan ya yi shiru, na kasa barci. Sai in tashi in je in leƙa ko yana da rai." Na ce shiru kamar yaya? Ta ce in na matsu in je in tambaye shi da kaina.

Bayan wasu makonni, da safe ina shara, sai ga shi. Bai yi sallama da ƙarfi ba, bai kalli kujerarsa ba. Ya wuce ciki ya zauna a tawa, kusa da famfo, ya cire hula. Na tsaya a bayansa. Wani layi ne ya ratsa gashin daga bayan kunne zuwa bayan kunne, inda madaurin na'urar ya danne shi ya kwanta, ga wani kuma ya haura sama. Duk mai aski ya san gashin da abu ya kwana a kansa, kuma wannan ba kwana ɗaya ba ne.

"Gyara mini wannan kafin mutane su fara zuwa," in ji shi.

Na yafa masa ƙyalle. Na so in ce wani abu, maganganu sun cika mini baki, har da waɗanda na tanada tun ranar banɗakin asibiti. Na dube shi a madubi, na ga idon da mutum a ciki, sai na haɗiye. Na rage gashin ƙasa-ƙasa yadda layin ba zai fito ba. Ya ce na cika danna inji.

Ya koma kujerarsa a ranar. Mantuwar ba ta tafi gaba ɗaya ba, amma ta ragu sosai, faɗan ma ya koma irin na da, wanda na saba da shi. Na ci gaba da sanarwata daga ciki, wani lokaci kafin in rufe baki ya ce, "Na sani." Reza dai bai taɓa ba. In aka zo gyaran fuska sai ya ce da inji ya fi lafiya, zamani ya canza. Na san jiran wa yake.

Hedimasta ya zo a ƙarshen makon. Na ɗauka wurina zai nufo, don ni nake masa tun ranar. Ya gaishe mu, ya wuce kai tsaye kujerar bakin ƙofa, ya jingina kai, ya rufe ido, ya miƙa maƙogwaro. Aski ya zo gaban goshi. Na tsaya da tsintsiya a hannu, na rasa ta inda zan fara.

Yaya ya jiƙa tawul ya goge masa fuska. Ya kaɗa kumfa ya shafa a hankali, har ƙarƙashin haɓa. Ya buɗe sabuwar reza ya sa a mariƙi, ya ɗaga ta ya duba bakinta a haske. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya neme ni a madubi.

"Likita ya ce babu reza sai na koma ya sake gani," in ji shi. "Zo ka ƙarasa masa."

Ya miƙo mini ta wajen mariƙi, ya ja da baya taki ɗaya ya bar mini wurin tsayuwarsa. Hedimasta bai buɗe ido ba. Na tsaya inda iska take shigowa, na ɗora rezar a kumatu, idona ya ciko har sai da na ɗan dakata. Ban ja sau biyu ba na ji numfashinsa a kafaɗata.

"Ba haka ba. Ja fatar tukuna. Kwantar da hannun, Auta, ba itace kake fafewa ba. Akwai tawadar Allah a ƙarƙashin haɓa ta hagu, ka kewaye ta."

Na share kumfar da yatsa na duba. Tana nan kuwa, ta hagu, 'yar ƙarama, inda ya ce.